Mutum 4,000 a mako guda: Yadda 'yan Kambodiya ke kallon soyayyar jinsi ɗaya a finafinansu

A watan Afrilun 2009, dab da bikin sabuwar shekarar al'ummar Khmer, wani fim ya fito a birnin Phnom Penh wanda ba a taɓa yin irinsa a Kambodiya ba. Sunansa Kyom Chear Nak Na, wato "Wace ce ni?", kuma a waje an fi saninsa da Who Am I?

Labarin wata 'yar Kambodiya ce da ke zaune a Amurka, wadda zuciyarta ta kamu da son wata fitacciyar jarumar fim a gida. Shaƙuwa ta koma soyayya, iyaye suka shiga tsakani, labarin ya ƙare da baƙin ciki. Phoan Phuong Bopha, marubuciyar littattafan labari, ita ce ta rubuta shi kuma ta ba da umarni.

Mutane ba su ƙaurace masa ba. Kamfanin dillancin labarai na AFP ya ruwaito cewa kimanin mutum 4,000 ne suka kalle shi a makon farko kaɗai, ya kuma bayyana hakan a matsayin gagarumar kasuwa idan aka dubi ƙanƙantar masana'antar fim ta ƙasar.

Tun daga lokacin ake muhawara kan abin da wannan adadi yake nufi. Karɓa ce, ko kuwa son ganin ƙwaƙwaf? Amsar tana da muhimmanci ga dubban matasan ƙasar da ke zaune da irin wannan sirri a gidajen iyayensu.

Masana'antar da aka kashe

Mutum 4,000 ba wani abin a zo a gani ba ne a ƙasar da a lokacin take da mutum sama da miliyan 13. Sai an san halin da sinima ke ciki a can sannan za a gane nauyin adadin.

Tsakanin 1960 da 1975 Kambodiya ta yi finafinai sama da 300. Shi kansa Norodom Sihanouk, wanda ya sauka daga sarauta ya rungumi siyasa, darakta ne, kuma fim ɗinsa Apsara ya fito a 1966. Phnom Penh na da gidajen sinima kusan 30. Fim ɗin Puos Keng Kang na 1970, labarin matar da ta haihu da sarkin macizai, wanda Tea Lim Koun ya shirya tare da jaruma Dy Saveth, ya tsallaka iyaka ya yi kasuwa har a Tailan.

Ranar 17 ga Afrilun 1975 mayaƙan Khmer Rouge suka shiga Phnom Penh, suka kwashe mutanen birnin kaf zuwa gonaki. Kafin faɗuwarsu a Janairun 1979, mutum kusan miliyan biyu sun mutu ta hanyar kisa, yunwa da aikin tilas. 'Yan fim da mawaƙa na cikin waɗanda aka fi farauta. Jarumai irin su Kong Som Eun da Vichara Dany ba su tsira ba, haka ma mawaƙa Sinn Sisamouth da Ros Serey Sothea. Dy Saveth ta rayu ne saboda tana wajen ƙasar. Daga cikin ɗaruruwan finafinan nan, kimanin 30 kawai aka iya ganowa.

Davy Chou, jikan ɗaya daga cikin manyan furodusoshin wancan zamani, ya yi fim kan wannan asara a 2011. Ya kira shi Golden Slumbers. Tsofaffi ne a ciki ke ba da labarin finafinan da babu su, suna rera waƙoƙinsu daga ƙwaƙwalwa.

Masana'antar ta ɗan farfaɗo a farkon shekarun 2000 da finafinan fatalwa da aljanu masu arha, sannan ta sake durƙushewa saboda satar fasaha da faifan da ake sayarwa a bakin titi. Zuwa 2009 gidajen sinimar da suka rage a babban birnin ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. A irin wannan kasuwa ce fim ɗin mata biyu masu son juna ya sa mutane suka fito suka biya kuɗin tikiti.

Doka ba ta hana ba, gida ne ke hanawa

Saɓanin Najeriya, inda dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗauri kan auren jinsi, Kambodiya ba ta da dokar da ta mayar da luwaɗi ko maɗigo laifi. Sai dai ba ta amince da auren ba. Sashe na 45 na kundin tsarin mulkin 1993 ya bayyana aure a matsayin na miji ɗaya da mata ɗaya.

Manyan ƙasar ma bakinsu bai zo ɗaya ba, wani lokaci ma mutum guda kan yi magana biyu.

A Fabrairun 2004, Sarki Sihanouk, yana da shekara 81, ya ga hotunan auren jinsi da ake ɗaurawa a birnin San Francisco a talabijin. Sai ya rubuta a shafinsa na intanet cewa ya kamata Kambodiya ta bar namiji ya auri namiji, mace ta auri mace, tunda ƙasar ta zaɓi dimokuraɗiyya. Maganar ta ja hankalin duniya, amma sarkin ba shi da ikon yin doka, kuma a watan Oktoban shekarar ya sauka ya bar wa ɗansa Norodom Sihamoni karaga.

Shekara uku bayan haka, a 2007, Firaminista Hun Sen ya tsaya a wurin bikin yaye ɗalibai ya sanar cewa zai yanke alaƙa da wata 'yar da ya riƙa saboda tana zaune da mace, kuma zai bi ta kotu don kada ta ci gadonsa. A cikin wannan jawabi dai ya roƙi jama'a da kada su nuna wa masu irin wannan rayuwa wariya.

Idan mutum na son fahimtar mai kallon fim a Kambodiya, to ya riƙe wannan jawabi. Abin da ake iya haƙuri da shi a gidan maƙwabci, ba lallai a haƙura da shi a gidan kai ba.

Sama da kashi 95 cikin 100 na al'ummar ƙasar mabiya addinin Buddha ne na ɗariƙar Theravada, sai tsirarun Musulmi 'yan ƙabilar Cham da kuma Kiristoci. Koyarwar Buddha ga mabiyan da ba limamai ba ta yi gargaɗi kan lalata, amma ba ta ware soyayyar jinsi ɗaya da suna ba. Abin da ya yaɗu a tsakanin jama'a shi ne cewa wanda aka haifa da wannan hali yana girbar abin da ya shuka ne a wata rayuwa da ta gabata. Wannan fahimta kan jawo tausayi maimakon duka, amma tausayin da ke ɗauke da raini.

Matsin na gaske daga iyali yake. Ana ɗaukar cewa ɗa na ɗauke da bashin iyayensa har abada, kuma aure da haihuwa na cikin hanyoyin biya, musamman a ƙasar da tsofaffi suka dogara da 'ya'ya wajen ci da magani. Ga mata kuma akwai Chbab Srey, tsohuwar waƙar tarbiyya da ke koya wa mace yin magana a hankali da biyayya ga miji, wadda aka daɗe ana koyarwa a makarantu. Cibiyar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Kambodiya ta fitar da rahoto a 2010 da ya tattara labaran matasan da aka kora daga gida, da waɗanda aka yi wa auren dole. Wasu iyayen kan kai 'ya'yansu wurin Kru Khmer, wato masu maganin gargajiya, a yi musu wanka da tofi don a raba su da abin da ake gani kamar sammu ne ko shafar iska.

Saboda haka lokacin da 'yan kallo suka ga iyaye na raba masoya biyu a Who Am I?, ba baƙon abu suka gani ba. Auren dole da biyayya ga iyaye su ne ginshiƙin finafinan soyayya na Khmer tun zamanin da. Abin da ya sauya kawai shi ne jinsin masoyan.

Ko kuka, ko dariya

A nan ne ya kamata a yi taka-tsantsan da adadin nan na 4,000. Fim ɗin ya ƙare da hawaye, kuma ƙarshe irin wannan yana bai wa kowa mafita. Mai tausayin masoyan zai fito yana cewa al'umma ta zalunce su. Mai ƙyamar abin zai fito yana cewa ga ƙarshen mai bin wannan hanya. Dukansu sun biya kuɗin tikiti, kuma akwatin kuɗi ba ya tambayar dalilin da ya kawo mutum.

Hanya ta biyu da aka saba da ita ita ce barkwanci. Harshen Khmer na da tsohuwar kalma, khteuy, da ake kiran namijin da ke rayuwa kamar mace, ko duk wanda bai zauna daidai a layin maza ko na mata ba. Yau an fi amfani da ita wajen zagi. Akwai kuma kalmar zamani ta 'yan birni, sim pi, wato "layin waya biyu", ga mai neman maza da mata. Irin waɗannan mutane ba sababbi ba ne a ƙasar. Zhou Daguan, jami'in China da ya zauna a Angkor daga 1296 zuwa 1297, ya rubuta cewa ya gan su rukuni-rukuni suna yawo a kasuwa.

A wasannin barkwanci na talabijin, khteuy shi ne wanda ake fito da shi don a yi dariya: kwalliya ta wuce ƙima, murya siririya, yana bin jarumi ana korarsa. Mai kallo ya saba da ganinsa, amma bai saba da a ce ya tausaya masa ba.

Darakta Sok Visal, wanda ya tashi a Faransa ya dawo gida ya kafa kamfanin waƙa na Klap Ya Handz, ya ɗauki wannan dariya ya juya ta a fim ɗinsa na 2016, Poppy Goes to Hollywood. Wani matashi ne marar aikin yi ya ga an yi kisa a gabansa. Don ya tsira daga 'yan daba sai ya yi shigar mata, ya shiga tawagar masu sauya jinsi da ke rawa a gidajen shaƙatawa, suka nufi wani kulob a karkara mai suna Hollywood. Wanda ya san fim ɗin Amurka na 1959, Some Like It Hot, zai gane inda aka samo tsarin.

Dabarar a fili take. Jarumin ya shigo da irin rainin da mai kallo ya shigo da shi, sannan tafiya ta tilasta masa cin abinci da kwana tare da mutanen da yake rainawa. Ana dariya, amma a hankali wanda ake yi wa dariyar yana sauyawa. Ko dabarar ta ci a zuciyar kowane mai kallo, wannan wani zance ne. Akwai masu ganin cewa muddin sai an saka wa namiji siket kafin a saurari labarin, to ba a bar tsohon layi ba.

Wani abin lura: idon ɗan Kambodiya ya daɗe da sabawa da musayar jinsi a dandali. A rawar fada ta gargajiya mata ne ke fitowa a matsayin yarima da gimbiya duka biyun, su yi zawarcin juna a gaban sarki. A wasan Lakhon Khol mai abin rufe fuska kuwa maza ne ke yin komai. Babu wanda ke kiran wannan soyayyar jinsi. Amma da mai rawa Prumsodun Ok, haifaffen Amurka, ya kafa tawagarsa a Phnom Penh a 2015 ya kuma bayyana ta ƙarara a matsayin ta maza masu son maza, sai abin ya zama labari. Motsin hannu da taku na gargajiya ne, faɗin sunan ne sabo.

Labaran da ba a ƙirƙira ba

Finafinan da suka fi ratsa jiki a wannan fanni ba na 'yan wasa ba ne. Na mutanen gaske ne da aka bi da kyamara.

A 2012 Sao Sopheak ta yi wani gajeren fim, Two Girls Against the Rain, kan wasu mata biyu a lardin Takeo da suka haɗu a zamanin Khmer Rouge, suka ci gaba da zama tare shekaru da dama duk da adawar dangi da tsegumin ƙauye. An nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2013. Tsofaffi ne, manoma, ba su je Amurka ba, ba su da intanet. Wannan kaɗai ya isa amsa ga masu cewa Turawa ne suka kawo abin, zargin da Who Am I? ya bar wa ƙofa a buɗe da ya sa ɗaya daga cikin masoyan ta fito daga Amurka.

Zamanin Khmer Rouge yana da nasa babi a wannan tarihi. Gwamnatin ta riƙa ɗaura auren dole na gayya, a jera maza da mata da ba su san juna ba a haɗa su, a kuma sa 'yan leƙen asiri su tabbatar an kwana tare. A watan Agustan 2016 Sou Sotheavy, wadda aka haifa namiji amma take rayuwa a matsayin mace, ta ba da shaida a kotun musamman da ke shari'ar shugabannin Khmer Rouge kan yadda aka tilasta mata auren wata mace. A Nuwamban 2018 kotun ta samu Nuon Chea da Khieu Samphan da laifuffukan cin zarafin bil'adama, ciki har da auren dole.

Sai kuma Lotus Sports Club na 2022, wanda Vanna Hem da Tommaso Colognese suka ɗauki shekaru suna ɗauka a lardin Kampong Chhnang. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ce ta 'yan mata, kocinta dattijo ne da aka haifa mace yake rayuwa a matsayin namiji, kuma gidansa ya zama mafaka ga matasan da ba su da wurin zama a gidajen iyayensu.

Matsalar waɗannan finafinai ita ce wa ke ganinsu. Sun fi yawo a bukukuwan Turai da ɗakunan kallo na Phnom Penh irin su Meta House da Cibiyar Bophana, wadda darakta Rithy Panh ya kafa a 2006. Masu zuwa irin waɗannan wurare ɗalibai ne, ma'aikatan ƙungiyoyi da baƙi, mutanen da galibi sun riga sun yarda da saƙon. Uwar da ke shirin kai 'yarta wurin mai magani a ƙauye ba ta cikin ɗakin.

Masu tacewa

Kafin a ɗauki fim ko a nuna shi a Kambodiya sai an samu izinin sashen finafinai na Ma'aikatar Al'adu. Kuma ma'aikatar ba ta wasa. A 2015 ta hana nuna Fifty Shades of Grey saboda batsa. A 2017 ta hana Kingsman: The Golden Circle saboda an nuna ƙasar a matsayin maɓoyar miyagu. A wannan shekarar ce kuma aka dakatar da jaruma Denny Kwan na tsawon shekara guda saboda irin tufafin da take sakawa.

Amma Who Am I? ya wuce, Poppy ma ya wuce. Abin da za a iya karantawa daga wannan shi ne cewa masu tacewar sun fi damuwa da tsiraici, siyasa da martabar ƙasa fiye da jinsin masoya. Ana iya ba da labarin, muddin an rufe jiki kuma ba a taɓa gwamnati ba.

Daga Tailan zuwa cikin waya

Babban sauyin da aka samu bai zo ta gidan sinima ba, duk da cewa an buɗe na zamani, Legend a 2011 da Major Cineplex na 'yan Tailan a 2014. Ta waya ya shigo.

'Yan Kambodiya sun daɗe suna kallon finafinan Tailan da aka ɗora wa muryar Khmer, kamar yadda ake ɗora wa na Indiya Hausa a Kano. A 'yan shekarun nan Tailan ta zama cibiyar finafinai masu dogon zango da ake kira BL, labaran soyayya tsakanin samari biyu, yawanci ɗaliban jami'a. Shirin 2gether na kamfanin GMMTV, wanda ya fito a 2020 lokacin kullen korona kuma aka sa shi kyauta a YouTube, ya bazu a duk yankin. A 2022 aka samu GAP, na mata biyu, shi ma ya yi tashe.

Mafi yawan masu bibiyar BL 'yan mata ne, kuma abin da suke nema labarin soyayya ne mai daɗi da kyawawan jarumai. Bambancinsa da fim ɗin 2009 shi ne a nan masoyan kan ƙare tare, babu mutuwa, babu hukunci. Kuma ba sai an tsaya layin tikiti inda maƙwabci zai iya ganin mutum ba. Ƙananan kamfanonin Kambodiya sun lura da kasuwar, suka fara yin nasu da harshen Khmer suna sakawa a YouTube da Facebook.

Ko hakan ya taɓa ra'ayin jama'a? Ba za a iya ɗora wa fim kaɗai ba, amma alƙaluma na nuna inda aka karkata. Binciken da cibiyar Pew ta Amurka ta wallafa a 2023 ya nuna kashi 57 cikin 100 na 'yan Kambodiya na goyon bayan halatta auren jinsi. A Tailan kashi 60 ne, a Malesiya 17, a Indonesiya 5. A 2019 gwamnatin Kambodiya ta karɓi shawarwarin da aka ba ta a Majalisar Ɗinkin Duniya kan gyara doka don ba da damar auren, amma ba a gyara ba. Abin da masu zaman tare ke da shi a hannu shi ne wata takardar yarjejeniya da ƙungiyar RoCK, wadda aka kafa a 2009, ta tsara don bayyana cewa su iyali ne da kuma yadda za a yi da dukiyarsu. Ba takardar aure ba ce. A Tailan kuwa dokar auren jinsi ta fara aiki ranar 23 ga Janairun 2025, karo na farko a kudu maso gabashin Asiya.

Sai dai dogaro da Tailan na da nasa haɗari, domin fim da siyasa a haɗe suke tsakanin maƙwabtan biyu. A Janairun 2003 masu zanga-zanga sun ƙona ofishin jakadancin Tailan a Phnom Penh kan jita-jitar cewa wata jarumar Tailan ta ce haikalin Angkor Wat na ƙasarta ne, aka kuma dakatar da shirye-shiryen Tailan a talabijin. Tarihi ya maimaita kansa a 2025. Bayan an kashe wani sojan Kambodiya a arangamar kan iyaka a ƙarshen watan Mayu, gwamnati ta umarci tashoshin talabijin da gidajen sinima a watan Yuni su daina nuna finafinan Tailan baki ɗaya, kafin rikicin ya koma faɗan kwana biyar a watan Yuli.

Umarnin bai ambaci soyayyar jinsi ba, kuma bai rufe YouTube ba. Amma ya cire finafinan Tailan daga manyan alluna da talabijin, a daidai lokacin da kishin ƙasa ya sa mutane da dama ƙaurace wa kayan Tailan. Giɓin ya faɗo kan masu shirya fim na gida, waɗanda kuɗinsu bai kai na Bangkok ba, kuma duk labarin da suke son kai wa sinima sai ya bi ta teburin Ma'aikatar Al'adu.